Wayar Baba Tana Nan

Boka muke ce masa a ofis, kuma ni na laƙa masa sunan, ba zan yi musu ba. Ni ce mai ɗaukar waya a wani ƙaramin kamfani da ke ja wa mutane layin intanet gida-gida, wato dai aikina shan zagi. Sabis zai ɗauke wa mutum, ya kira, ya wanke ni tas kamar ni na tsinka wayar da haƙorina, in ba shi haƙuri, sannan in juya kujerata in tambayi wanda ke bayana me ya faru. Wanda ke bayan nawa shi ne Boka. Teburinsa na jikin bango, ƙarƙashin wata na'urar sanyaya ɗaki mai yoyo, da bokiti a gefen ƙafarsa. A gabansa allon kwamfuta biyu ne, cike da farin rubutu a kan baƙi, rubutun na ta gudu sama kamar ana korar sa.

Wannan rubutu shi ake ce wa log. Duk na'urar da ke kan layinmu, tun daga manyan da ke ɗakin injina har 'yar rauta, akwatin nan mai raba intanet da ke maƙale a bangon falon kwastoma, tana rubuta abin da ya same ta da lokacin da ya same ta: na tashi, layi ya yanke, layi ya dawo, na ɗau zafi, wani ya nemi shiga na hana shi. Ni in na ƙura masa ido kaɗan sai jiri ya kama ni. Shi kuwa zai ja rubutun sama, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan rautar kullum da safe take mutuwa, ta farfaɗo bayan ɗan lokaci. Ki tambaye shi wa ke guga a gidan. Zare ta ake yi a sa dutsen guga." In faɗa wa kwastoma, can sai in ji yana ƙwala wa wani kira a cikin gida. To, wannan in ba boka ba mene ne?

Shi dai bai yarda akwai wani bokanci a ciki ba. Duk sabon ma'aikaci sai ya zaunar da shi ya karanta masa dokarsa. "Kada ka kama layin ƙarshe ka ce ka gane. Layin ƙarshe kururuwa ce kawai, koma sama ka nemo wanda ya fara. In ka gama da abin da aka rubuta, ka tambayi kanka me ya kamata a rubuta da ba a rubuta ba." Na ji karatun nan har na haddace, nakan ma kwaikwayi muryarsa in ya shiga banɗaki.

Wajen mahaifinsa ya gaji wannan hali. Baba makanikin jirgin ƙasa ne tun yana saurayi har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu Boka na firamare, bai sake aure ba, shi ya rene su, shi da yayarsa, da tsawa da hannu mai nauyi. Boka ya taɓa ba ni labarin yadda Baba ke ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙotar, ya faɗi abin da ke ciwo a ciki tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. Injinan nan su suka cinye masa kunnen daga baya. Ya so ɗan ya bi sahunsa, ɗan ya ƙi. Boka ya fara da hawa falwaya yana jan waya, wata rana ya faɗo daga tsani ya ji ciwo a baya, aka dawo da shi ofis don tausayi, ya zauna ya koya wa kansa karatun log har babu wanda ya kai shi a kamfanin. Baba bai taɓa yafe masa teburin nan ba. "Ƙato da kai ka zauna kana kallon talabijin, wai aiki kake," haka yake ce masa a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu.

Tsohon nan shi kaɗai yake zaune, a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene kusa da tashar jirgi, can ƙarshen gari, sai ka canja bas kafin ka kai. Yayar Boka na aure a wata ƙasa. Babu irin roƙon da Boka da matarsa ba su yi ba ya dawo wajensu, har ɗaki suka gyara masa, ya yi ƙememe ya ce ba zai zauna ana auna masa gishiri ba. Ga hawan jini, ga shi ya taɓa zamewa a banɗaki. Abin da ke cin Boka a rai ke nan, kuma ya faɗa min da bakinsa wata rana muna shan shayi: "Tsoron da nake ji kada ya faɗi a ɗakin nan ba wanda ya sani." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Kiran waya ba ya amfani, don in ka kira Baba "Eh? Wa? Wa ke magana?" za a yi ta yi har ka gaji, ƙarshe ya kashe ya ce an dame shi. Zuwa kuma kullum da faɗa ake rabuwa. Sai Boka ya saya masa waya mai allo, ya ja masa layinmu, ya kafa masa rauta a saman ƙofa. Baba ya zagi wayar tas, sannan ya gano ana ganin tsofaffin injinan jirgi a ciki. Shi ke nan. Daga ranar bene ya shiga uku, don ƙure murya yake yi yana kallo, maƙwabta na jin jirgi na wucewa ta cikin ɗaki.

Rautar nan kuwa tana aiko log ɗinta ofis kamar ta kowa. Kullum da hantsi, in Boka ya ajiye kofin shayi, sai ya buɗe nata. Layi iri uku yake nuna min. Waya ta fita, wato Baba ya sauka wajen abokinsa mai faci da ke bakin titi, wayar na aljihu. Waya ta dawo, ya hau sama ke nan cin abincin rana. Na uku shi ne waya ta sabunta lambarta. Wannan ba ruwan Baba a ciki: duk wayar da ke cikin gida rauta kan ara mata wata lamba, bayan wasu sa'o'i wayar ta nemi a sabunta mata, da kanta take yi, mai ita na barci ko yana farke.

"Kin ga yau ya makara," Boka zai ce, yana murmushi. "Jiya kuma sau biyu ya fita, ina jin magani ya je saye."

Da farko abin ya ba ni tausayi, wallahi har ƙwalla ta taɓa zuwar min. Mutum da ubansa ba sa iya zama minti biyar ba cacar baki, amma ga shi kullum yana bin sawunsa a allo kamar mai jego. Daga baya haushi ya fara kama ni, don na lura zuwan nasa ya ja baya. Da duk mako ne, ya koma sai an ga dama.

"Boka, yaushe rabonka da Baba?"

"Yanzu na gan shi."

"Wayarsa ka gani, malam. Log ba gaisuwa ba ne. Ka tashi ka je ya zage ka, zagin ma yana ƙara masa lafiya."

Sai ya yi dariya ya ce bakina ya fi na Baba kaifi. Ni kuma waya ta yi ƙara, in koma shan nawa zagin.

Da aiki ya yi yawa, kwastomomi suka ƙaru ba a ƙara ma'aikata ba, sai ya yi wa kansa gajeriyar hanya. Ya haɗa wani ɗan layi a kusurwar allonsa, koren rubutu, da ke nuna lokaci na ƙarshe da rautar Baba ta ji motsin wayar. In lokacin na kusa, hankalinsa ya kwanta. Ya daina buɗe log ɗin gaba ɗaya. Shi da ke hana yara kama layin ƙarshe, ga shi ya ɗauko layin ƙarshe ya manna a gaban idonsa, kuma babu wanda ya ga aibin abin, don wa zai koya wa Boka karatu?

Sai aka wayi gari wata unguwa guda ta rikice mana. Sabis na nan kamar babu, wasu na samu wasu ba sa samu, wanda ya kashe rautarsa ya kunna kuwa ya rasa gaba ɗaya. Wayoyi suka yi min caa. Wata mata ta ce za ta zo ofis ta nuna min ita ba sa'ata ba ce, na ce bismillah, ƙofa a buɗe take. Manaja ya dinga safa da marwa yana huci, masu gyara sun hau falwaya sun sauka sun canja wayoyin da lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne log ɗin fes yake. Ba jan rubutun gargaɗi, ba kuka, kowace na'ura na cewa lafiya lau.

Boka ya duƙufa, ba ji ba gani. Ranar farko ta wuce, ta biyu ta bi ta, a kan tebur yake cin burodi, bokiti ya cika ya fara zuba bai sani ba sai da na ture masa ƙafa. Idanunsa suka yi jajir. Sau ɗaya na ce masa, "Ya Baba?" Bai ko juyo ba, ya nuna kusurwar allo da haɓa.

"Wayarsa na nan."

Da la'asar ɗin wata rana a cikin makon ya buga tebur ya ce a kira masa manaja. Muka taru a bayansa, ni abin kunnena na rataye a wuya. Ya nuna wani akwatin rarraba layi da ke tsakiyar unguwar. Ya ce tun farkon rikicin akwatin bai fasa aiko "ina nan lafiya" ba, a kai a kai, shi ya sa kowa ya tsallake shi. Amma layukan da yake rubutawa in kwastoma ya shiga ko ya fita, su sun tsaya cak tun ranar farko.

"Ranka ya daɗe, cikinsa ya mutu tuni," in ji Boka. "Wannan 'ina nan' ɗin da yake faɗa ba da saninsa ba ne. Agogo ne kawai a ciki, in lokaci ya yi ya aiko, ko da kuwa..."

Bai ƙarasa ba. Na ga bakinsa a buɗe, hannunsa a sama yana nuna allo, amma idonsa ya koma kusurwa, kan koren rubutun nan. Manaja ya ce, "Ko da kuwa me?" Boka bai ji shi ba. Ya jawo madannai, yatsunsa na kuskure, ya sake bugawa, log ɗin rautar Baba ya buɗe. Na leƙa ta kafaɗarsa, kuma ko ni da ban iya karatun ba na gane. Waya ta sabunta lambarta. Waya ta sabunta lambarta. Waya ta sabunta lambarta. Haka suka jeru reras, tazararsu ɗaya. Ya ja sama, ya ƙara ja sama, sai can nesa, kafin rikicin unguwar ya yi nisa, muka ga "waya ta dawo" na ƙarshe. Babu fita bayansa.

"Innalillahi," na ce.

Manaja, Allah ya saka masa, bai tambayi komai ba, ya ce direba ya fito da motar kamfani. Na cire abin kunne na jefar a kan tebur, wayoyi na ta ƙara, na bi su. Boka ba zai iya tafiya shi kaɗai ba, maɓallin ƙofar mota ma ya gagare shi.

Lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe. Direba na hon yana kutsawa, masu bas na zagin sa. Boka na gaba yana kiran wayar Baba, tana shiga, tana ƙara har ta tsinke, ya sake kira. Da ya gaji ya buɗe log ɗin a tasa wayar ya riƙe a cinya. Muna tsaye a wata mahaɗa sai ga sabon layi ya faɗo: waya ta sabunta lambarta. Ya yi wani sauti a maƙogwaro da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya kifa wayar.

Mai faci na bakin titi ya miƙe da ya gan mu, ya ce ai shi ya ɗauka Baba na wajen ɗansa. Muka hau bene da gudu, matakala duhu, tana warin fitsarin kyanwa. Ƙofar a kulle ta ciki. Boka ya buga, ya kira, ya sa kafaɗa, ciwon bayan nan nasa ya hana shi. Direba ya sauka ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya ɓalle ƙofar. Abin da na fara gani wayar ce, a kan wata 'yar kujera kusa da gado, tana jone da caji, batir cike. Baba na ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki, kwance ta gefe, hannu ɗaya ƙarƙashinsa. Ɗakin na wari. Leɓunansa sun tsage, rabin fuskarsa ya zube, ya ja jiki har ya kusa kujerar bai kai ba. Idonsa a buɗe, kuma da Boka ya durƙusa a kansa, idon ya motsa.

Muna sauko da shi a cikin bargo wata maƙwabciyarsa mai ɗinki, da ke ɗakin da ke kallon nasa, ta biyo mu tana kuka tana tafa hannu. Ni kuwa raina ya ɓaci, na juya mata.

"Haba baiwar Allah! Ƙofa da ƙofa, kwana da kwanaki ba ki ji jirginsa ba, ba za ki ƙwanƙwasa ba?"

"Wallahi na lura da shirun," in ji ta. "Amma 'yar'uwa, hana ni ya yi. Da kullum sai na buga masa ƙofa da safe, har makulli ɗaya yana wajena. Watannin baya ya zo ya karɓe abinsa, ya ce in daina damun sa, shi ba maraya ba ne. Ya ce ɗansa na ganin sa daga ofis, ko tari ya yi sai ya sani. Haka ya faɗa wa kowa a benen nan, yana taƙama."

Boka na riƙe da gefen bargon, ya ji kowace kalma. Ashe shi ya taɓa faɗa wa Baba haka, wata rana suna faɗa a kan komawa gidansa, don ya nuna masa aikin tebur ma aiki ne. Ya gyara riƙonsa kada kan tsohon ya bugi bango.

A asibiti likita ya ce jini ne ya toshe a kai. Ya ce da an kawo shi a sa'o'in farko da akwai abin yi, yanzu kuwa ga ƙishirwar da ya sha ta taɓa ƙoda. Ya tambaya wa ke zaune da shi. Boka ya ce babu. Likita ya dube shi, ya dubi takardarsa, ya wuce.

Washegari da na tashi aiki na biya. An sa wa Baba ruwa, an goge masa jiki, matar Boka na gefe tana jiƙa masa leɓe da auduga. Boka na tsaye a ƙarshen gado da kayan jiya. Baba ya ɗan farfaɗo, harshen ya yi nauyi amma ana tsintar magana. Ya san ni, don na taɓa raka su biki ya ce surutuna ya fi injin jirgi. Ya yafito ni da hannun da ke motsi, na sunkuya.

"'Yar nan," ya ce, da ƙyar. "Kin gani ko? Na ce musu."

"Me ka ce musu, Baba?" Sai da na ɗaga murya a kunnensa.

"Zai gani. Ban yi ihu ba ma. Na kwanta abina, na ce yaron nan na kallo." Ya numfasa, rabin bakin ya yi wani abu mai kama da murmushi. Ya juya ido wajen ɗansa. Tun da na san su ban taɓa ganin ya yi masa irin wannan kallo ba. "Aikin naka na da amfani ashe. Ka gan ni a talabijin ɗin, ko?"

Matar Boka ta tsaya da audugar a hannu. Ni na dubi ƙasa. Boka ya zagayo, ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnen uban, kuma dole ya faɗa da ƙarfi, har na gadajen kusa suka juyo.

"Na gan ka, Baba."

"Eh?"

"Na ce na gan ka!"

Baba ya lumshe ido, ya ɗaga hannun ya dafa kan ɗansa ya bar shi a wurin. Na fita baranda na yi kukana, mai isata, ban damu da masu wucewa ba. Kafin mako ya zagayo Baba ya rasu, kuma har ya cika babu wanda ya gaya masa komai.